Amsa ga mai tambaya kan taifot da jiƙon darbejiya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce ɗanki na fama da taifot, ana ba ki shawarar ki ajiye maganin asibiti ki koma jiƙon darbejiya da tafarnuwa tunda suna kashe ƙwayoyin cuta. Don girman Allah kada ki ajiye.

Ƙanina aka yi wa haka a nan Agege. Wani mai tallar magani da lasifika a bayan mota ya sayar masa da jarka guda, ya rantse cewa taifot da basir da sanyi duk zai wanke su. Har cewa ya yi in zazzaɓi ya ƙaru, cutar ce ke fita. Yaro yana sha yana ramewa. Daren da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko taɓawa ba a yi, ga ruwan sama, ga cunkoso, ina riƙe da kansa a cikin keke yana kiran Inna da ke can Katsina. Likita ya ce hanjinsa ne ya huje, abin da taifot ke iya jawowa ke nan in ya kai mako na uku ba magani. Sai da aka yi masa tiyata. Mutumin nan har gobe yana tallarsa. Allah ya isa!

Itatuwanmu ba ƙarya ba ne. Tafarnuwa in aka daka ta tana fitar da sinadarin alisin, kuma a ɗakin gwaji yana kashe bakteriya. Kanumfari na kwantar da ciwon haƙori, aswaki ma tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da amfaninsa ga baki. Amma taifot a hanji da jini take, jiƙo ba ya isa can da ƙarfin da zai kashe ta. Man darbejiya kuwa guba ne ga ƙananan yara.

Ki tabbata ɗanki ya shanye maganinsa na asibiti duka ko ya ji sauƙi. Ruwan 'yan garuwa ki riƙa tafasawa, ni ko na wanke salak ba na yarda da shi yanzu. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a kwalbar maganin gargajiya ba shaidar tana warkarwa ba ce. In gwajin jinin nan na taifot da ake kira Widal kaɗai aka yi masa, ki nemi a yi wanda ake rainon ƙwayar cutar daga jini a ɗakin gwaji. In cikinsa ya fara ciwo sosai kada ki jira gari ya waye. Allah ya ba shi lafiya, ki sanar da mu yadda ya kwana.