Ɗan'uwa, ɗan'uba da kunyar ɗan fari: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duk a kan gida suka tsaya: uwa, uba, wa da ƙane. Na zaɓi huɗu. Masu tambaya a kan sunayen kifayen Binuwai su yi mini haƙuri, sai na zauna da masunta tukuna.

Ta farko daga wani malamin makaranta ce a unguwar Yelwa ta Garwa. Ya ce: "Malam, mu goma sha ɗaya ne a gidanmu, ɗaki uku, uba ɗaya. Me ya sa in na ce wane ɗan'uwana ne sai a ji daɗi, in kuwa na ce ɗan'ubana ne sai a dube ni kamar na yi zagi, alhali gaskiya na faɗa?"

Malam, gaskiya ka faɗa, amma kalmar ta riga ta ɗauki kaya tun kafin a haife ka. Fara da ɓare su. Ɗan'uwa ɗan uwa ne, wanda kuka fito ciki ɗaya. Ɗan'uba ɗan uba ne, wanda kuka haɗa uba amma kowa da ɗakinsu. To, ta farkon ta yi ta faɗaɗa har ta haɗiye dangi duka, ta haɗiye ɗan garinku da kuka gamu a tashar jirgin ƙasa ta Gaundare, ta haɗiye duk Musulmi. Har ta manta cewa kalmomi biyu ne. Shaida kuwa ita ce muna cewa "ɗan'uwana", ba "ɗan uwata" ba. Da har yanzu harshe yana jin "uwa" a ciki a matsayin mace, da "-ta" zai ɗauka. Ita kuma ta biyun sai ta ƙanƙance ta yi tsami, har ta haifi 'yan'ubanci, wato gasa da ƙyashi da jiran ganin faɗuwar wani. Kana iya yi wa wanda ba ku haɗa komai ba 'yan'ubanci, a kasuwa ko a ofis.

Ba mu kaɗai muka yi wannan rabon ba. Bambarawan Mali suna da badenya da fadenya: ta farko zaman 'ya'yan uwa ɗaya, suna nufin ƙauna da rufin asiri, ta biyu zaman 'ya'yan uba, suna nufin gasa. Ko a Alƙur'ani, lokacin da Annabi Musa ya kama gemun Annabi Haruna cikin fushi, da me Haruna ya tausasa shi? Cewa ya yi "yabna umma", ya ɗan uwata. Bai ambaci uba ba. A Suratu Yusuf kuma, 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya cewa suka yi Yusufu "da ɗan'uwansa" sun fi su soyuwa a wurin ubansu. Dukansu 'ya'yan Annabi Yaƙubu ne, amma da bakinsu suka ware biyu suka mai da su ɗaki guda. Malaman gado ma da za su raba dukiya sai sun tambaya: shaƙiƙi ne (uwa ɗaya uba ɗaya), li'abi ne (uba ɗaya) ko li'ummi (uwa ɗaya)?

Amma ni ban yarda jini ne ya yi wannan aikin ba. Kwano ne.

A gidan da na tashi, mu yara maza kwano ɗaya ake zuba mana, ko ɗakin wa ke da girki. Babban wanmu, wanda ba uwarmu ɗaya ba, shi ke raba nama. Yakan tsame yankan ya ajiye a gefen murfi, sai an ci rabin tuwo ya gutsura wa kowa da farce, ƙarami ya fara karɓa. In an kusa sudewa sai manya su tsame hannu ɗaya bayan ɗaya, a bar wa auta gindin kwano. Yau shekara fiye da arba'in ke nan, in wani abu ya same ni shi nake fara kira, kuma bakina bai taɓa iya ce masa ɗan'uba ba. A gidan maƙwabtanmu kuwa kowace mace tana kiran nata cikin ɗaki ta saki labule. Karin maganar nan ta "mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya" a can na ga fassararta da idona: ranar girkin uwarka ka sha miya, ranar girkin kishiyarta ka lashi gaya. Yaran nan sun girma, uban ya rasu, gidan ya shekara da shekaru a kulle saboda an kasa zama a raba shi.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun taɓo wannan ta tasu hanyar. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, ana komawa gare su har tsufa. A 2007 Robert Waldinger da abokan aikinsa suka fitar da sakamako a kan mutum 229 daga cikinsu: waɗanda ba su yi zaman daɗi da 'yan'uwansu ba kafin su kai shekara 20 sun fi faɗawa ciwon damuwa mai tsanani kafin su kai 50. Maza ne duka, Amurkawa 'yan boko, don haka ba zan ɗora wa gidan Bahaushe awonsu kai tsaye ba. Sai dai duk wanda ya ga dattijo mai furfura yana rawar murya a kan wata riga da aka ɗinka wa ɗan ɗakin can aka hana shi ranar wata salla da ta wuce shekara hamsin, ya san maganar ba ta da nisa da mu.

Saboda haka, malam, ci gaba da cewa ɗan'uwana. "Ɗan'uba" ka bar wa ranar da alƙali ya tambaya.

Ta biyu gajeriya ce. Wani ɗalibi daga Marwa ya ce sun yi gardama da abokinsa: kawu, gwaggo da baffa Hausa ne ko Fulatanci?

Abokinka ya ci gardama in ya ce daga Fulatanci suka zo. Kaawu ɗan'uwan uwa ne, goggo 'yar'uwar uba, bappa ɗan'uwan uba. Kai ma ba ka faɗi ba, don kalmar da Bakano da Bazazzagi suka daɗe suna furtawa ta zama tasu. A nan Garwa da Marwa, inda Fulatanci ne harshen kasuwa, mun ƙara da hamma da adda a maimakon yaya, wasu gidajen har da dada a maimakon inna. Abin lura shi ne Hausa tana iya wucewa ba tare da waɗannan ba: ƙanen uba "baba" ne, ƙanwar uwa "inna" ce ko "iya". Harshen bai damu ya bambance wadda ta haife ka da wadda ta goya ka ba. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani yanzun nan.

Ta uku ita ce ta hana ni barci. Wata baiwar Allah daga Gaundare, ma'aikaciyar jinya, ta rubuto: "Ni 'yar fari ce. Shekarata 38, ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunana ba. 'Ke' take ce mini, ko 'yarinyar nan'. An ce kunya ce. Wace irin kunya ce wannan? Yanzu na haifi tawa 'yar farin, ana ce mini ba ni da kunya don ina rungumarta."

'Yar'uwa, kalmar kunya ba abu ɗaya take ɗauke da shi ba. Akwai kunyar wanda ya yi abin assha, wadda ake cewa "ya ji kunya" ko "ya sha kunya". Akwai kuma kunyar girmamawa, wadda ake "yi": mace tana yi wa surukinta, ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Wannan ta biyun ita ce alkunya ko kara, danne abin da ke zuciya don kada a ce ka nuna zalama a kan naka. Fulani suna kiranta semteende, kuma tana cikin ginshiƙan pulaaku, wato ɗabi'un da Bafulatani ke tunƙaho da su, shi ya sa a ƙasarmu ta Adamawa da Binuwai abin ya fi kauri, al'adu biyu ne suka haɗu a kansa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta haihu a gaban iyayenta da surukanta. Ɗan nan shaida ne a fili na abin da ba a faɗa. Sai ta kau da kai. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara rugawa ba.

Amma ki lura da abin da tsofaffi suka tanada a gefe. Ɗan fari ba a barinsa haka. Kaka tana nan, ita ce abokiyar wasansa, tana kiransa mijinta ko kishiyarta. Ga gwaggo, ga 'yar goyo, ga kishiyar uwa wadda sau da yawa ita ke tauna masa abinci. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, sai a kai shi gidan kaka, wani lokaci ya zauna ke nan, ya zama ɗan riƙo. Hausa ta tara kalmomi a nan: goyo, reno, riƙo, tallafi, uwar goyo, uwar riƙo. Harshe ba ya tara kalmomi a inda ba a aiki.

Likitan nan na Ingila John Bowlby, a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, ya dage cewa jariri yana buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa ko wadda ta tsaya a matsayinta. Mary Ainsworth ta je ƙauyukan kusa da Kampala a Yuganda a 1954 ta zauna tana kallon iyaye mata da jariransu, daga can ta fara gane cewa yaron da ya tabbata akwai inda zai koma shi ne ke da ƙarfin zuciyar yin nesa ya yi wasa. Daga baya kuma wasu masu bincike, cikinsu har da Robert LeVine, sun duba jariran Hausawa a Najeriya, suka ga jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, amma in ya tsorata wurin wadda ta fi ɗaukarsa yake nufa, ko ita ta haife shi ko ba ita ba. Kakanninmu ba su karanta ko ɗaya ba, amma tsarin da suka yi bai bar yaro ba baya ba.

Inda nake da magana shi ne yau. Ma'aikaci ya ɗauki matarsa ya kai ta ɗaki biyu na haya a Gaundare ko Duwala, kaka tana ƙauye, gwaggo tana Yola. An ɗauko kunyar an taho da ita, an baro masu goyon a gida. Yaron da uwarsa ke kau da kai, kuma babu wata a tsakar gidan da za ta ɗauke shi, wannan ba al'ada aka yi masa ba, rabin al'ada aka yi masa. Don haka rungumi 'yarki. In kina jin nauyin sunan, sa mata laƙabi, Hausa ba ta rasa su ba. Game da mahaifiyarki kuwa, ban san zuciyarta ba, amma ki tambayi ƙannenki wa take fara tambaya in an yi waya. Sau da yawa "yarinyar nan ta ci abinci kuwa?" shi ne iyakar abin da bakin irinsu ke iya furtawa.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ce a Injamena. Ya ce wansa yana Kusiri, suna gaisawa ta WhatsApp kullum, amma in sun zauna awa ɗaya sai sun yi faɗa. Yana tambaya: "naka sai naka, daɗin zama sai bare" ba ta ba shi izinin ya tsaya a waya ba?

Alhaji, ka ɗauki wutsiyar karin maganar ka bar kanta. Gaɓa biyu gare ta. Ta biyun ta yarda cewa hira da bare ta fi sauƙi, don bare bai san ranar da ka yi fitsarin kwance ba, ba ya kuma ganinka a matsayin ƙanen da ake aika sayen kalanzir. Ta farkon kuwa, "naka sai naka", ranar wuya take nufi: ranar jinya, ranar bashi, ranar ɗaukar gawa. Bahaushe bai ce zaman 'yan'uwa daɗi ne ba. Shi ne ma ya ce harshe da haƙori suna saɓawa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Faɗan da kuke yi, in ka saurara da kyau, zan yi mamaki in ba tsohon faɗa ba ne ya sake riga: shi yana magana da muryar babban wa, kai kuma kana amsawa da zuciyar yaron da aka hana bin sa kogi.

Ita kuma "zumunta a ƙafa take", ƙafa aka ce, kuma an faɗe ta ne a zamanin da ake kwana a hanya kafin a kai gaisuwa. Kai tsakaninka da shi kogin Logon ne kawai da gadar Ngeli. Ka haye ranar Juma'a da ɗan ƙullin goro, ka tashi kafin awa ɗayan ta cika.