Amsa ga ƙanwarmu da ake neman hayar lasisinta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata mai tambaya, tun jiya da daddare na ga saƙonki na kasa barci. Kin ce kin gama karatun ungozoma, lasisinki ya fito amma aiki bai samu ba, sai ga wani mai asibitin kuɗi ya ce ki ba shi takardunki ya yi rajista da su, zai riƙa ba ki wani abu duk wata ba sai kin je ba, kina tambaya ko akwai matsala. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni ce na rubuta. Kada ki ba shi. Ko kwafi kada ki ba shi.

Ni a 2017 na faɗa wannan ramin. Na yi shekara uku na karatun nas, na ƙara wata 18 na ungozoma, na dawo Kaduna ina zaune a ɗaki. Na kai takarda asibitin Barau Dikko, na kai na Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, har asibitin Shika a Zariya na je, ko'ina sai a ce a jira a buɗe ɗaukar aiki. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba. Sai wata da muke unguwa ɗaya ta haɗa ni da wani mutum mai ƙaramin asibiti can cikin lungu, ɗaki huɗu da falo. Shi ba likita ba ne, ba nas ba ne, ɗan kasuwa ne. Likitan da sunansa ke kan allo sau ɗaya na taɓa ganinsa. Ya ce naira 15,000 duk wata, ni dai in leƙo ranar da masu duba asibitoci za su zo. Ya riƙa ce mini "'yata", ya ce ai taimakon juna ne. Na ɗauki lasisina da hannuna na miƙa masa, ya sa a gilashi ya rataye a bango.

Wata bakwai ina karɓar kuɗin. Ranar wata Laraba wajen ƙarfe biyun dare wayata ta yi ƙara, yarinyar da ke kwana a wurin ce, irin waɗanda ake ce wa ogzilari, wato masu taimakon nas da ba su da lasisi, tana kuka tana cewa Anti ki zo, Anti ki zo. Ƙanina ya kai ni a babur. Na tarar da mace kwance, haihuwa ta biyar, an taɓa yi mata tiyata a ta huɗu, ga tabon nan a mararta kowa na gani. Naƙuda ta yi tsawo, dangi sun matsa a yi mata allurar naƙuda, yarinyar nan ta zuƙi oksitosin ta danna mata a cinya alhali jariri na ciki. Ku da ke nan kun san abin da wannan ke nufi, allurar da muke yi bayan ɗa ya fito don tsayar da jini. Na taɓa cikin na ji sassan jariri a ƙarƙashin fata kamar babu komai a tsakani, alamar mahaifar ta fashe. Naƙudar ta tsaya cak, bugun zuciyar ɗa babu, ita kuma ta yi fari fat, jikinta sanyi ƙalau, tana ce mini Sista ki ba ni ruwa. Har yau in na ji mai naƙuda ta ce a ba ta ruwa sai gabana ya faɗi. Na nemi kanula babba, wato allurar ƙarin ruwa, babu, ruwan ƙari leda ɗaya tak ya rage, abin awon jini ya lalace. Ba fatograf, wato takardar bin diddigin naƙuda, ba fayil, ko a takarda ba a rubuta lokacin da ta zo ba. A Keke muka ɗauke ta, kanta a cinyata, ina riƙe da ledar ruwa sama, mijinta na salati. An shiga da ita tiyata a babban asibiti, an cire mahaifar, an ƙara mata jini leda huɗu. Allah Ya yi da sauran kwananta. Ɗan kuwa namiji ne, bai zo da rai ba.

To ina mai asibitin? Wayarsa a kashe. Kwana uku ba a gan shi ba. Da 'yan'uwan matar suka kai ƙara, aka zo wurin, sunan wa aka gani a bango? Nawa, da lambar rajistata da hotona. Mutumin nan da ya bayyana, a gaban jami'ai, ya dube ni ido da ido ya ce ai Sista ce mai kula da ɗakin haihuwa, shi bai san komai a harkar magani ba. Mutumin da ke ce mini 'yata! Ya ce ma ni na koya wa yarinyar yin allurar. Na rantse da Allah ban taɓa nuna mata ko ɗaura kanula ba. Na yi kuka har muryata ta dushe, shi ko gezau, yana ta danna carbi. Daga baya na ji ya sake fenti, ya sauya suna, ya samu wata sabuwar yarinya mai lasisi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma ba na jin zan iya. Ita yarinyar ogzilarin ban riƙe ta a zuciya ba, shekararta 19, sakandare kawai ta gama, an sa mata farin kaya an ce mata nas. Majalisar nas da ungozoma ta ƙasa, wato NMCN da muke ce wa Kansul, ba ta san wani abu wai shi ogzilari ba, ba ta yi musu rajista, ba ta ba su lasisi. Shi ya sa in abu ya ɓaci ba su da abin da za a ƙwace, ke ce mai abin rasawa.

Na kwana ɗaya a ofishin 'yan sanda, mahaifiyata na zaune a waje a kan benci har asuba. Na rubuta bayani ya fi sau biyar. Aka kira ni gaban manyanmu a ma'aikatar lafiya, wata tsohuwar metiron, wato shugabar nas-nas, ta tambaye ni, "Ke da bakinki kika yi rantsuwar aiki ko aro kika yi?" Ban iya amsawa ba. Ita ce ta zaunar da ni ta karanta mini abin da dokar ta ce. Dokar da ta kafa NMCN tun 1979 take, lokacin da aka haɗe hukumar nas da ta ungozoma wuri guda, kuma a cikinta akwai kotun ladabtarwa da ke da ikon ta yi miki gargaɗi ko ta sa a goge sunanki daga rajista. In an goge, shi ke nan, duk karatun nan da jarrabawar Kansul da muka yi ta kwana a kanta sun tafi. Abin da ya cece ni shi ne shaidar likitan da ya karɓe mu cewa ni na kawo ta, da saƙonnin waya da ke nuna ba na wurin lokacin da aka yi allurar, sai kuma dattawan ƙungiyarmu ta nas da ungozoma, NANNM, da suka tsaya mini, alhali ko kuɗin ƙungiya ban taɓa biya ba a lokacin. Na samu gargaɗi mai zafi, kuma na cancance shi.

Ki riƙa ajiye komai a rubuce. Duk inda za ki yi aiki, ko na wata ɗaya ne, a ba ki takardar ɗauka mai sa hannu. Ki tambaya ki ga rajistar asibitin da idonki, ki san likitan da ke rufe wurin, ki san wa ke kwana in kin tafi gida. In kin bar wuri, ki cire takardarki daga bango ranar, ki rubuta wasiƙar ajiye aiki ki riƙe kwafi. Asalin satifiket kuwa ba ya kwana a hannun kowa.

Sannan 'yan'uwa, don Allah mu daina wasa da sabunta lasisi.  Na san wata da nata ya mutu shekara biyu ba ta sani ba sai da aka zo tantance ma'aikata. Ku je MCPDP, kwas ɗin ƙaro ilimi na dole kafin sabunta lasisi, da wuri ku samu makinku, kada ku jira sai saura sati. Ku biya ta Remita da kanku ku adana rasit, kada ku ba wani a shagon kwamfuta lambar sirrinku ya ce zai yi muku komai. Ni a wajen MCPDP ma na sake koyon yadda ake ba da allurar magnesiyam salfet ga mai ciki mai jijjiga yadda ya kamata, abin da na ɗauka na iya.

Kuma ke da kike ƙarama, wataƙila wata rana ki so fita waje, Ingila ko Saudiyya. Kun tuna Fabrairun 2024 da Kansul ta fito da sabon tsarin tantance masu son fita waje aiki, aka ce sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kuma ya kawo takardar shaidar hali daga shugaban wurin aikinsa, har 'yan'uwanmu suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas? Ni ma ban ji daɗin tsarin ba, albashin da ake ba mu bai kai a ɗaure mu ba. Amma ki duba, kowace ƙasa sai ta tambayi Kansul ko akwai tabo a sunanki. Ni har yau ban nema ba, tsoro nake ji a buɗe fayil ɗina a ga wancan gargaɗin.

Na san zafin zama ba aiki, na san yadda ake ji in ƙanne sun dawo makaranta babu abin ɗorawa. Ki nemi aikin sa-kai a asibitin gwamnati ko cibiyar lafiya ta unguwarku, hannunki zai faɗa, kuma in an tashi ɗauka an san fuskarki. Akwai asibitocin kuɗi na kirki a garin nan masu biya kaɗan amma da likita a wurin da kayan aiki, ki je ki yi dutinki da kanki. In mutumin ya riga ya karɓi wani abu naki, ko hoton lasisin ne ta waya, ki yi mini magana ta akwatin saƙo yau ɗin nan. Ranar Asabar ba ni da duti, zan raka ki mu karɓo, kuma ki zo da wani babba namiji daga gidanku.