Kwana a cikin kori: ruwan da ke zuwa ba hadari a sama

Tambaya: Malam, ina zaune a Agege, Legas. Ɗana zai bi abokan kasuwancinsa zuwa Agadas a watan Agusta, daga can su shiga duwatsun Ayar su ga garin Timiya. Direban ya ce a cikin kori za su riƙa kwana, wai yashin da laushi kuma hamada ba ta san ruwa ba. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Hajiya, da gaskiyarki. Wannan magana ta direba na gaji da jin ta.

Kori hanyar ruwa ce, ruwan ne ya haƙa ta. Yawancin kwazazzaban da ake ɗauka hoto ana mamaki, daga mashigar Fetra a Jodan zuwa ramin Antelof a Arizona ta Amurka, ambaliya na da hannu wajen sassaƙe su. A Antelof ɗin nan, a Agustan 1997, ruwa ya kashe 'yan yawon buɗe ido 11, alhali can nesa da su aka yi ruwan. Agadas kanta ta sha ambaliyar korin Telwa a Satumban 2009.

Mutumin Legas ya saba sai ruwa ya sauka a kansa sannan kwata ta cika. A Ayar ba haka ba ne. Dutse tsirara ba ya shan ruwa, busasshiyar ƙasa ma ta ƙeƙashe. Idan aka yi ruwa a kan tsauni, ko da nisan kilomita 30 ne, duk zai tattaru ya gangaro kori ɗaya, da laka da duwatsu da kututture, kai kuwa kana kwance kana ƙirga taurari. Agusta kuma tsakiyar daminarsu ce. Wanda ya ce ya kwana sau goma bai ga komai ba, sa'a ya yi, ba ilimi ba.

Ki gaya wa yaron ya duba rassan bishiyoyin bakin korin. Inda ya ga ciyawa da shara sun maƙale, nan ruwa ya taɓa kaiwa, sai su yi zango sama da wurin, har motar. Walƙiya a kan tsauni da dare gargaɗi ce. In ya ji ruri kamar na tirela, kada ya tsaya kwashe kaya, kada ya yi gudu a tsawon korin, ya haye gefe. Kada kuma direba ya gwada ƙetarewa: ruwa mai gudu da ya kai santimita 60, wajen gwiwa ke nan, yana tafiya da jif.