Amsa kan neman bayanan gwamnati da sanya kakin soja

Malam, ka tambaya ko kana da ikon neman takardun kwangila daga ma'aikatar tarayya, da kuma sa kakin soja. Na farko, ƙwarai kuwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a 2011 ta ba ka wannan dama, ba sai ka faɗi dalili ba. Rubuta wasiƙa, a buga maka hatimi a kwafinka, kwana 7 gare su su amsa. In sun hana, kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Sai dai sirrin tsaro suna iya riƙewa.

Kaki kam, don Allah ka bari. Sashe na 110 na Dokar Laifuffuka ta Najeriya (Criminal Code) ya haramta wa farar hula sa shi ba izini, kuma da shi ɓata-gari ke tare hanya.