Da hannu nake tuƙa keke, wane agogo zai auna min ƙarfin zuciya?

Tambaya: Shekarata 34, shan inna ta kama ni tun ina yaro. Da keken hannu nake zirga-zirga, kuma ina buga ƙwallon guragu a Kano. Na tara 'yan kuɗi zan sayi agogon da aka ce yana auna ƙarfin zuciya da huhu. In saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da agogon ke nunawa shi ne VO2 max, wato iyakar iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita a minti guda idan aiki ya kai maƙura. Amma kintace yake yi. Apple Watch daga tafiya ko gudu a waje yake lissafa shi, na Garmin kuwa galibi daga gudu ko keken ƙafa. Kai da hannu kake aiki. Ga kuma wata matsalar: da ɗan koren haske agogo ke karanta bugun zuciya a wuyan hannu, hannun da ke murza keke kuwa a ɗaure yake, ga jijjiga, ga gumi, sai lissafin ya riƙa kuskure.

Gwajin da ya dace da kai akwai shi. Za a zaunar da kai gaban na'ura mai feda biyu da ake juyawa da hannu, a saita tsakiyarta daidai kafaɗa. Kana juyawa kamar sau 60 zuwa 70 a minti, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ga takunkumi a fuska yana auna numfashinka, har hannu ya gaza. Minti 8 zuwa 12 ya isa. Ka tambaya a sashen gashin ƙashi ko na zuciya a asibitin koyarwa.

Abin da nake so ka riƙe da kyau: kada ka gwada sakamakonka da na masu gudu. Ko mai lafiyar ƙafa aka sa ya yi da hannu, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da yake samu da ƙafa zai samu, domin tsokar hannu ƙarama ce, tana gajiya kafin zuciya ta ƙure. Yana ba ni takaici a ce wa mutum zuciyarsa ba ta da ƙarfi, alhali da ma'aunin wani aka auna shi.

Abin saye shi ne madaurin ƙirji mai auna bugun zuciya, irin Polar H10, ka haɗa da wayarka. Sai ka sami fili mai santsi, ka auna mita 30, ka yi ta kai da komo na minti 6, ka rubuta nisa da bugun. Maimaita bayan wata biyu, da keke ɗaya, iskar taya ɗaya, da sassafe kafin rana ta buɗe. Nisa ya ƙaru bugu bai hau ba, to ka samu ci gaba. Idan kana da hawan jini, ga likita kafin ka fara, domin aikin hannu ya fi na ƙafa ɗaga jini. Kafaɗa kuma ita ce ƙafarka, da ta fara ciwo ka tsaya.

Tambaya: Ina da ƙaramin gidan motsa jiki na mata. Ƙaramar fedar nan mai arha da ake ɗorawa kan tebur za ta yi gwajin?

Amsa: Hajiya, don motsa jiki za ta yi, don gwaji ba za ta yi ba. Nauyinta da ɗan murfi ake matsewa, ba ki san ko na yau daidai yake da na jiya ba. Nemi wadda ke nuna wat, wato ma'aunin ƙarfin aiki, da yawan juyi, irin ta kamfanin Monark na Suwidin, ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce. Idan kuma mai raunin laka a wuya ko saman baya ta zo miki, kada ki yi mata lissafin 220 a cire shekaru, wanda ake kintata iyakar bugun zuciya da shi: bugunta zai iya tsayawa wajen 120 zuwa 130 alhali ta kai ƙarshen ƙarfinta. Ki tambaye ta yadda take jin gajiyar, kuma ta zo da izinin likitanta.