Tsohon gida a kusa da gari, me ya sa yake tsada haka?

Tambaya: Salam Malam, don Allah me yasa gidajen unguwannin da ke dab da tsakiyar birni suke tsada haka, alhali yawanci tsofaffi ne, ɗakuna ƙanana, wani ko wajen fakin babu? Na ga sabo fil can bayan gari bai kai kuɗinsu ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ai ɗan'uwa rabin kuɗin nan na fili ne da kusanci. Yawancin unguwannin an yanka su tun mota ba ta yawaita ba, shi yasa layuka matsattsu, fuloti ƙanana, gida jikin gida, amma fa akwai manyan bishiyu, ruwa da wuta da kwalta sun daɗe da zuwa, ga fili ya ƙare masu nema kuma kullum ƙaruwa suke, har wasu kan sayi gidan su rushe su tada bene. Na nesan kuwa, abin da ka rage wajen saye zaka biya shi a kuɗin mai da zaman cunkoso safe da yamma. Ni dai na kusan na fi so, amma kar ka biya sai mai wayarin da mai famfo sun duba, ka kuma ɗaga kai ka kalli silin, tabon ruwa a kusurwa yoyo ne, gyaran rufi kuwa ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.