Dalilin da ya sa katin ɗan besbol ya fi abin da ya buga a fili

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya me ya sa a Strat-O-Matic, wasan besbol na tebur da ake yi da kati da 'ya'yan lido, katin ɗan wasan da ya gama kaka da .300 (wato ya yi nasarar bugu sau 3 a kowane gwaji 10) yake cike da bugu kamar na wanda ya yi .340, ko kamfanin ne ya yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Ni ma abin ya ɗaure mini kai lokacin da wani dattijo maƙwabcina a jihar Ohayo ta Amurka ya fara koya mini wasan a teburin kicin ɗinsa.

Fara da 'ya'yan lidon, guda uku ne. Ɗaya shi ke zaɓar layi: in ya ba da 1 zuwa 3, katin mai bugu za ka duba, in 4 zuwa 6 ne, katin mai jifa. Sauran biyun sai ka haɗa su, 2 zuwa 12, su nuna maka gurbi. Gaba ɗaya hanyoyin faɗuwarsu 216 ne, kowane kati na da 108. Kuma gurabun ba nauyinsu ɗaya ba: 7 na fitowa ta hanya 6, amma 2 da 12 ta hanya ɗaya tak. Homron (bugun da ke ba mai bugu damar zagaye fili ya ci maki) guda a gurbin 7 ya yi shida a gurbin 12. Don haka daina ƙirga layuka da ido, nauyinsu za ka ƙirga.

To ga inda amsarka take. Rabin lokaci ba katin mai bugu ake karantawa ba, na mai jifa ne, kuma a can babu ruwan kati da waye ya riƙe sanda. In ka haɗa duk masu jifan da zai fuskanta, abin da za su ba shi shi ne matsakaicin gasar. Ke nan dole a ƙara wa katinsa abin da zai rasa a can. Lissafin kan hanya: ninka abin da ya buga sau biyu, ka cire matsakaicin gasar. Mai .300 a gasar .260, katinsa zai kai wajen .340.

Ɗauki Ichiro Suzuki na Seattle a 2004: bugu 262, ya gama da .372, gasarsa kuwa tana wajen .270. Katin ya doshi .470 ke nan. Haka abin yake ta baya, mai .220 a gasar .260 katinsa zai faɗi wajen .180, ka gan shi fayau kamar gonar da fara ta ci.

Inda 108 bai rabu daidai ba, za ka ga gurbi ɗaya da sakamako biyu, sai ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Tun 1961 Hal Richman ya fito da wasan, bayan wani wasan irinsa, APBA na 1951, mai 'ya'yan lido biyu da sakamako 36. Ni dai na fi son na Richman, don mai jifa na da nasa rabin.

Abu ɗaya da ya taɓa cutata: wani ɗan benci da bai wuce gwajin bugu sau hamsin ba a kakar, katinsa ya fi na manyan taurari kyau. Abokin karawata ya riƙa sa shi kowane wasa, ya tashe ni tas. Tun daga nan muka sa doka a rukuninmu, ba wanda zai wuce yawan gwajin bugun da ya yi a fili. Duba katin naka, adadin yana rubuce a ƙasa.